Makullin da Duk Gari Ke Riƙe da Shi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya kai ni ya maido ni lafiya.

Mako uku ke nan da saukata daga mota, tabarmar tsakar gidana ba ta huta ba. Wannan ta shigo ta ce in ba ta labarin Kano, waccan ta ce wai da gaske ne na zama injiniya. Na maimaita har ɗiyata Sa'a ta fara ƙarasa mini zance idan na tsaya shan ruwa. Shi ne maigida ya ce tunda hannuna ya san alƙalami, in rubuta sau ɗaya in huta. To ga shi. Wadda ba ta karatu, a karanta mata.

Sai na fara da abin da ya fitar da ni, don mace mai shekara arba'in da tara ba ta barin murhunta ta ƙetare iyaka haka kawai. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na ci jarrabawar birebe, aure ya zo, na ajiye alƙalami na ɗauki muciya. Da wayoyin nan na shafawa suka cika Dakoro, 'ya'ya suna aiko wa iyayensu daga Aljeriya da Libiya, sai matan unguwa suka riƙa kawo mini nasu in buɗe musu konti, tunda ni ce mai ɗan boko a cikinsu. Kowane konti kuwa yana son kalmar sirri, wadda muke ce wa kod. Sai na yi wata dabara da na daɗe ina jin daɗinta a raina. Na ce wa kowace mace ta sa sunan ɗanta na fari, mu ƙara shekarar haihuwarsa. Ai suna ne da uwa ba ta mantawa, kuma kunya ba ta barin bakinta ya furta shi, ko cikin fushi, ko cikin barci. Wane sirri ya fi wannan? Wasu ko rubuta shi sai da na tambayi maƙwabta, don su ba za su faɗa ba. Na sami ɗan kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango irin na 'yan lakwal, kowace mace da shafinta. Mata talatin da ɗaya.

Cikinsu akwai Adda Hajo, Bafillatanar da ke kawo mana nono tun ina amarya. Bara, wani da har yau ba mu san ko wane ne ba ya shiga kontinta, ya aika wa ɗanta Buba saƙo a Aljeriya cewa uwarsa na kwance rai a hannun Allah, a turo abin magani. A lokacin tana can wajen Tagriss da shanu, inda babu rezo, waya ba ta kamawa, ya kira ya kira bai same ta ba. Bai tura komai ba. Barin aikinsa ya yi, aikin da ya shekara shida yana riƙe da shi, ya ratso hamada a bayan mota kwana tara. Ya iske ta tana tatsa, lafiyarta lau. Aikin kuma aka ba wani.

Adda Hajo ta dawo gari. Ta sake kawo mini wayar, na buɗe mata sabon konti, na sa sunan nan dai na ƙara lamba biyu a ƙarshe. Ni a lokacin na ɗauka ɓarayin waya wasu na'urori gare su masu fasa kowane kod, kamar yadda gara ke cin kowane itace. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Da aka ce wata ƙungiya ta kawo na'urar odinatar huɗu gidan mata na garinmu, cibiyar da mata ke koyon sana'a, ana neman macen da za a tura Kano koyon tsaronsu na mako huɗu ta dawo ta riƙe wurin, sai na ce wa maigida ina so. Shi tsohon ma'aikacin kiwon dabbobi ne, ya yi ritaya, ba mai yawan magana ba. Ya ce in na yi istihara na ji natsuwa, shi zai iya da ɗumamen tuwo.

Wata biyu kafin tafiya na zana allon haruffan odinatar a jikin kwali, na kwafo daga na gidan mata, kullum bayan la'asar ina buga yatsu a kai. Jikokina suna ta dariya, wai Inna na kiɗan kwarya babu kwarya.

Ranar tafiya, bayan kaka ne, hatsi ya shiga rumbu, Adda Hajo ta zo tasha da cuku goma, busasshen nonon nan mai faɗi, a ƙulle cikin tsumma, ta ce guzuri. Kayen nan kuwa yana ƙasan jakata, cikin zanen salla. Na ji tsoron barinsa gida.

Daga Dakoro zuwa Maradi hanya ce da na sani, sai dai ban taɓa binta ni kaɗai ba. A Sabon Maci aka ɗora mana buhunan wake har motar ta riƙa nishi, aka kuma cusa wani dattijo kusa da ni da zakaru biyu a hannu. Ɗaya ya kwance ya bi ta kan cinyoyin mutane, ya tsaya a kafaɗar direba kamar shi ne karen mota. Dattijon ya tambaye ni ko asibiti za ni, don a ganinsa mace mai shekaruna ba ta tafiya da jaka sai ciwo ko biki. Da na ce karatu, sai ya ce Allah ya ba da sauƙi.

Na kwana wurin ƙanwata a Maradi, da sassafe muka kama hanyar Ɗan Isa. Direban ya ce shi ba ya bin hanyar Jibiya sai rana ta fito sosai, kuma ba wanda ya yi masa gardama. Kowa ya san dalili, kowa ya kama addu'arsa. A iyaka aka sauke mu, aka duba katin ɗan ƙasa da karne, wato takardar rigakafi. Jami'in wancan ɓangaren, yaro ne sa'an ɗana na uku, ya karanta takardar gayyatata ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Mama, ke ce za ki kama mana 'yan damfara?" Na ce in Allah ya yarda. Sai ya zaro wayarsa ya miƙo mini, wai in duba masa abin da ya sa take zafi. Na ce ai tafiya nake ban dawo ba tukuna. Ya yi dariya ya buga hatimi. Daga nan har Katsina shingaye ne, na ƙirga har na gaji na koma ga carbina.

Kano kuwa, jama'a, ba gari ba ce, duniya ce. Abin da ya fara ba ni mamaki ba benaye ba ne, sauri ne. Mu a nan in ka tambayi mutum hanya sai ka gaishe shi da gida da gajiya da iyali. Can kafin ka gama sallama ya nuna maka da haɓa ya wuce. Ba rashin kirki ba ne, na gane daga baya, rana ce ba ta isarsu. Na ce wa wani ina neman kabu-kabu, ya ce a nan sai adaidaita sahu, ya tsayar mini da ɗaya, har ya yi mini ciniki.

Masaukinmu gidan bene ne a bayan wata makaranta, mata biyu a ɗaki. Ina shiga na iske wata ƙatuwar mace zaune a bakin gado tana yanka albasa a cikin faranti. Ta ɗago ta ƙura wa zanen fuskata ido, irin namu na Gobirawa, sai ta tafa hannu.

"Alhamdu lillahi, an aiko mini da baiwata har ɗaki. Ajiye jakar ki ɗebo mini ruwa."

Na gane nan take Bayerabiya ce, abokiyar wasanmu. Na ce mata ai mu ba mu saba yi wa bayinmu hidima ba, amma tunda na ga tsufa ya kama ta zan taimaka. Sunanta Sikira, haifaffiyar Funtuwa, Hausa a bakinta kamar ruwa. Shekara ashirin da biyar tana sayar da atamfa, gobara ta cinye shagon, ta ce ba ta sake tara abin da wuta ke ci. Ta ce kada in kira ta Sikira, in ce Maman Kamal. Na tambaya ko Kamal autanta ne. Ta ce ɗan fari. Na rufe baki. Ita ma ta riƙe haɓa da na gaya mata cewa shekara talatin ban taɓa kiran sunan nawa ba, sai dai in ce "wancan" ko "babban". Ta ce to wahalar naƙudar ta mece ce, in ba za a kira ki da shi a kasuwa kowa ya ji ba? Na ce mu a wurinmu abin da ka fi so shi kake sunkuyar da kai a kansa. Muka kwana biyu muna wannan gardama, ba wadda ta ja ɗaya.

Ita ta cece ni ranar farko, don cajata mai ƙafa biyu zagayayyu ta ƙi shiga bangonsu; nasu ramuka uku ne masu kusurwa, sai ta ara mini tata. Abinci kuma sai da cikina ya yi haƙuri. Burodinsu laushi da zaƙi kamar na masu jego, ba irin namu dogo mai ɓawo ba. Shayinsu kofi guda ne cike da madara, a shanye a tashi, ba a san zaman gawayi da ƙananan kofuna uku ba. Gurasa da ƙuli kam na yaba. Barkonon Maman Kamal ne ban yafe ba har yau. Na ba ta cuku, ta juya shi ta ce wannan takarda ce ko abinci, daga baya na kama ta tana jiƙa shi a shayi a ɓoye.

Mu ashirin ne a aji, duk mata, mafi yawanmu mun haura arba'in. Akwai wadda ta bar aikin jinya, akwai matar da mijinta ya rasu ya bar mata shagon buga takardu. Malamarmu, Malama Nafisa, ba ta kai Sa'ata ba a shekaru, siririya, muryarta ƙasa-ƙasa. Takan ce mana "iyayena", amma in ta ba da aiki ba ta san iyaye ba.

Ranar farko aka ce kowa ta rubuta sunanta. Na ɗora yatsu da ƙarfin gwiwa, wata biyu ina shiri. Da na ɗaga kai sai na ga wani abu da ba sunana ba. Ashe allon haruffan Ingilishi dabam yake da na Faransanci. Inda na bar harafin a, wani na iske zaune. Duk wahalar kwalina ta tashi a banza, har ta zame mini cikas, don sauran suna koyo ne, ni kuwa sai na kwance na sake ɗauri. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo.

Sai kalmomi. Abin da na sani da odinatar, su kwamfuta. Rezo, su netwok. Kod, su fasawod. Malama na koyarwa da Hausa, amma sunayen abubuwa duk na Ingilishi ne, ni kuma ɗan abin da ke kaina na Faransanci ne, shi ma ya yi tsatsa. Sai na raba takarda gida uku: nasu, namu na lakwal, da na Dakoro. Gida na ukun shi ya fi yi mini amfani. Da ta yi bayanin enkirifshon, yadda ake murɗa saƙo ya zama ba mai gane shi sai wanda aka nufa, na rubuta: zaurance, irin wanda muke yi muna 'yan mata don kada iyaye su ji. Bakof, wato ajiye kwafin abu a wani wuri dabam, na rubuta: irin shuka da ake kai wa rumbun ɗan'uwa saboda gobara. Fishin, saƙon yaudara mai ɗauke da abin da ranka ke so ko yake tsoro, na rubuta: tsaba a bakin tarko. Nan na tuna Buba, na ajiye alƙalami.

Wadda ta fi shiga raina ita ce fayawol. Malama ta ce shinge ne tsakanin na'ura da waje, kuma a babban wuri akan rarraba na'urori gida-gida, don in ɓarna ta shiga ɗaya kada ta ci sauran. Na duba ƙamus ɗina na ga da Faransanci parfe ne. Sai na ɗaga hannu, karo na farko. Na ce mu a arewacin Dakoro, in ciyawa ta bushe bayan damina, akan fita a share dogayen layuka a cikin makiyaya, a kankare su ƙasa tsura, don in wuta ta tashi ta iso nan ta rasa abin ci. Maigidana ya yi shekaru yana jagorantar wannan aiki, kuma sunansa ke nan, parfe. Malama ta sa na zo gaban allo na zana. Ranar Maman Kamal ta ce ashe baiwar tata tana da kai.

A mako na biyu, ranar Talata da hantsi, abin ya faru. Malama ta ce kowace ta buɗe sabon konti na gwaji ta sa kalmar sirrin da ta fi amincewa da ita. Muka sa. Sai ta ce za ta zagaya, kowace za ta ba ta zato uku. Ta fara da Maman Kamal, ko zama ba ta yi ba ta buga Kamal da shekararsa, konti ya buɗe. Aji ya fashe da dariya, har da ni, har ina ce mata ga amfanin shelar suna a kasuwa. A raina ina cewa nawa kam sai dai ta gaji.

Da ta iso kaina ba ta taɓa na'urar ba. Ta ɗauki 'yar takarda ta yi rubutu, ta ninke, ta ajiye a tafin hannuna yadda ba mai gani. Na buɗe. Sunan babban ne, da shekarar da na haife shi.

Ta sunkuyo ta ce a hankali, "Mama, ki yafe ni. A takardar shigarki an tambayi wanda za a kira in wani abu ya faru, aka rubuta shi da shekarunsa. Na kuma lura duk 'ya'yanki kina kiran sunansu, ban da ɗaya."

Sannan ta juya ga aji, ba ta ambace ni ba, ta ce a ƙasar Hausa in uwa ta sa kalmar sirri, zaton farko ɗan fari, na biyu maigida. Ta ce abin da bakinka ba ya faɗa dabam, abin da mutane ba su sani ba dabam.

Ban ji sauran darasin ba. Ni da Maman Kamal, mai shela da mai ɓoyo, rami ɗaya muka faɗa. Amma ita kanta kaɗai ta jefa. Ni mata talatin da ɗaya na jera na ba su makulli iri ɗaya, makullin da duk wanda ya taɓa cin goron sunan 'ya'yansu yake riƙe da shi. Wanda ya cuci Adda Hajo bai buƙaci wata na'ura ba. Sanin sunan Buba kawai ya ishe shi, kuma wa bai san shi ba? Kwana taran nan na hamada, da aikin shekara shida, dabarata ce ta buɗe musu ƙofa. Kuma har a wannan sa'a ƙofar a buɗe take, lamba biyu kawai na ƙara.

Da aka tashi na bi Malama ofis da kayen a hannu. Ta buɗe shafi biyu ta rufe da sauri, kamar ta taɓa garwashi. Ta ce da jakar nan ta ɓace a tasha fa? Na ce ta bar ni in zauna yanzu in canza su duka, tunda ga su a hannuna. Ta girgiza kai.

"Da izinin wa?"

Na ce ai alheri nake nufi.

"Na sani, Mama. Amma konti ɗakin mai shi ne. Wanda ya shiga ba sallama, ko shara ya je yi, ya shiga ba sallama. Wannan shi ne farkon aikinmu, kafin duk kalmomin nan."

Na ji kunya, don abin da addinina ya koya mini ne tun ina ƙarama, yarinya ta tuna mini da shi a gaban na'ura.

Kwana huɗu ina kiran Dakoro a lokacin hutun azahar. Kun san halinmu, kowace sai ta tambayi Kano da sanyi da abinci, ta ba ni labarin wadda ta haihu, kafin in samu in ce ina neman izini in canza mata kod na wucin gadi. Ba wadda ta tambayi dalili. Wannan ya fi yi mini ciwo. Adda Hajo ce ban samu ba, wayarta a rufe. Kwana biyu ina kallon shafinta, yatsuna na ƙaiƙayi, ina tuna maganar Malama. Sai ranar kasuwa maigida ya je har rumfar masu nono ya same ta, ya kanga mata wayarsa a kunne. Ta ce, "Rakiya, mi kike tambayata? Abin da ke hannunki ai yana hannuna." Na canza, na tashi na yi alwala.

Sauran kwanakin na yi su kamar mai biyan bashin azumi. Muka koyi haɗa kalmar sirri da kalmomi huɗu da ba su da dangi da juna ko da mai su, da yadda ake ƙara mataki na biyu, wato lambar da ke zuwa a waya. Na yi gardama da Malama a kan abu ɗaya. Ta ce a ƙone kayen, kalmar sirri a ka take zama. Na ce matan da nake magana ba su san harafi ba, ko sun riƙe kalmomin ba za su iya bugawa ba, dole wani ya buga musu. Ta ce wannan babu shi a littafin da ta karanta. Sai ta ce in tuna zanen da na yi a allo. Laifin kayen ba rubutun ba ne, tara makiyaya talatin da ɗaya ne babu layi ko ɗaya a tsakaninsu.

Na ci jarrabawa, ba ta ɗaya ba, ba ta ƙarshe ba. Maman Kamal ta raka ni tasha tana share hawaye da bakin gyale tana cewa ta 'yanta ni saboda Allah, in aiko mata da takardar nan ta ci, wato cuku. Jami'in iyaka ban same shi ba a dawowa, da na gaya masa ya rage abubuwan da ya tara a wayar.

Da na huta kwana biyu na fara kiran matan ɗaya bayan ɗaya, ba taro ba. Kowace na gaya mata gaskiya, ta zaɓi kalmominta huɗu, na rubuta a sabuwar takarda na ba ta ta adana, na yage tsohon shafinta na sa a murhu a gabanta. In tana da buƙata ta zo da takardarta, in buga, ta koma da abarta. 'Yan matan gidajensu kuma ina koya musu a gidan mata, don wata rana a daina buƙatata.

Adda Hajo ce ta ƙarshe. Ta zo da hantsi ta sauke ƙwaryarta, na shimfiɗa mata tabarma a inuwar itacen bedi. Na gaya mata komai, ban rage ba: cewa ba na'urar ɓarayi ba ce, shawarata ce, cewa bayan abin ya faru ma na sake maimaita kuskuren. Na ce ta yafe ni, in Buba ya shigo gari shi ma zan roƙe shi. Ta daɗe tana jan zaren tabarma.

"Ni na ɓoye shi a bakina," in ji ta, "na manta ranar suna maroƙi ne ya yi shelarsa."

Ta zaɓi kalmominta, ta raɗa mini su a kunne ko da yake daga mu sai kaji. Na rubuta na miƙa mata. Ta maido mini, ta ce in sa a kayena kamar kullum. Na ce babu kaye. Ta sake turowa, na sake mayarwa. Tunda nake ban taɓa mayar da amanar da aka miƙo mini ba. Fuskarta ta canza.

"Kin gaji da ni ne, Rakiya? Ko karatun ne ya ce kada a yarda da mutane?"

Sai na tambaye ta ko mutanensu sun share layin wuta bana. Ta ce sun share, Buba ma yana ciki, tunda yanzu shi ke bin shanun. Na ce to layin da ya share tsakanin makiyayarku da ta maƙwabta, don ya ƙi su ne?

Ta dube ni, ta dubi takardar. Ta jawo haɓar zanenta inda take ƙulle goro, ta nannaɗe takardar ƙanana ta sa a ciki. Na taya ta ɗora ƙwarya. Har ta kai bakin zaure ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Shekara shida ban ga yaron nan ba sai a gilashin waya. Yanzu kullum da safe ina jin tarinsa a bayan bukka. Ban ce ɓarawo ya kyauta ba, ban ce ke ma kin kyauta ba. Amma na yafe. Kada dai ki gaya masa na ce ina jin daɗi."

Na ce wannan kam ba zan rubuta a kowane kaye ba. Ta ce a wannan na labarin tafiya in rubuta, ai shi ba ya karatu, kuma duk wadda ta karanta masa ita da Allah.

Ta sa hannu ta taɓa ƙullin, ta ƙara masa na biyu, ta fita.